Da Gani Ya Tafi, Ji Ya Dawo Gidansa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran agogo ne. Fiye da shekara ashirin yana da ɗan teburi mai murfin gilashi a bakin Kasuwar Rimi, da benci guda na masu jira, da wani ƙaramin madubi da yake maƙalawa a idon dama in zai leƙa cikin agogo. Amma ko a wancan lokacin ba da ido yake fara aiki ba. In aka miƙo masa agogo irin wanda ake wanawa, kafin ya taɓa murfin baya sai ya kara shi a kunne ya runtse ido. Can sai ka ji ya ce wa mai shi, "Alhaji, wannan gudu yake yi, kullum sai ya ci maka minti biyu," ko kuma, "Ƙura ce ta shige shi, ga numfashinsa nan ya yi nauyi." Ina yaro na ɗauka burga ce irin ta masu sana'a. Sau nawa nake ɗaukar agogon in kara a nawa kunnen, ban taɓa jin komai ba sai cak-cak-cak.

Ciwon idon ya fara ne a 2003. Da farko gefe-gefe ya daina gani, yana tuntuɓe da buta, yana karo da ƙyauren ɗaki, Umma tana cewa gajiya ce. Da aka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, gilakoma, kuma an makara. Ya ce ba irin yanar nan ba ce da ake kankarewa mutum ya tashi yana gani. Wannan jijiyar idon take ci a hankali, abin da ta cinye kuwa ba ya dawowa, sai dai a riƙa ɗiga magani a tsare ragowar. An ɗiga, an sha rubutu, an yi tofi. Kafin ƙarshen 2005 Baba ba ya gane rana ta fito sai ya ji zafinta a fuska.

Ni ne babban namiji a gidan, shekarata goma sha huɗu, don haka jagora ta faɗo kaina. Ya ƙi yarda in riƙe kan sanda ina jansa. Hannunsa na hagu yake ɗorawa a kafaɗata, sandar tana dama. Sunan mahaifinsa na ci, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, Abba yake ce mini. Tunda shaida nake bayarwa bari in faɗi gaskiya: kunya nake ji. In mun hango sa'o'ina suna buga ƙwallo sai in sauya lungu, shi kuma ya ce, "Abba, yau kuma ta bayan gidan mai kunu muka biyo?" bai ƙara komai a kai ba. Wata rana a bakin masallaci wani bawan Allah ya cusa masa naira ashirin a hannu. Baba ya laluba ya kamo hannun mutumin ya mayar masa, ya ce, "Allah ya saka da alheri, amma ba bara na fito ba, salla na zo." Ni na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa har muka koma gida yana dariyar yadda muryar mutumin ta rikice.

Wani tsohon abokinsa ya zo yi masa jaje, cikin hira bakinsa ya suɓuce ya ce ai gani ya kori ji, sai kuma ya yi tsit don ya gane inda ya taka. Baba ya ce, "Kada ka damu, Malam. Ni nawa ganin ya tafi, ji ya dawo gidansa. Dama korarsa aka yi."

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne lokaci. Mutumin da ba ya ganin hannun agogo, amma ka tambaye shi ƙarfe nawa, da wuya ya kuskure da minti goma. Ashe unguwar ce gaba ɗaya ta zame masa agogo. A Yakasai in ka farka kafin asuba ba kiran salla ɗaya za ka ji ba, sun fi a ƙirga, wani yana hawa kan wani. Ni a kunnena duk ɗaya ne. Shi kuwa ya san ladanan ɗai-ɗai ba tare da ya taɓa gaisawa da yawancinsu ba: akwai na can wajen Ƙofar Nasarawa da yake riga kowa, akwai matashin da yake jan murya har numfashinsa ya kusa ƙarewa, akwai wanda lasifikarsa take tsatsa kamar ana suya, akwai wani tsoho da sai ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya ce Allahu Akbar. Da aka kwana biyu ba a ji wannan gyaran muryar ba, Baba ya ce in kai shi ya dubo ladan. Muka tarar da tsohon a kwance, ya yi mamakin wanda ya gaya mana.

Bayan an idar da salla sai guga ta fara faɗawa rijiya, sai tsintsiya a tsakar gidaje. Ƙarfe shida da rabi rediyoyin maƙwabta su haɗa baki, London take kira, kuma da wannan shirin na BBC yake saita agogunan teburinsa tun yana gani. Daga nan karatun makarantar allo ya tashi kamar kudan zuma, injin markaɗe ya yi tari sau biyu ya kama, a buga tsohon wilin mota da aka rataye a bishiyar firamare. Da hantsi mata su fara daka, in biyu ne a turmi ɗaya ka ji lugude. Wajen azahar gari ya yi laƙwas, sai kurciya. Da la'asar sakaliya man mai awara ya fara cuwa. Ana idar da isha'i janareto su karɓe gari, kuma su ma ya san na wane ne yake riga na wane. In aka kawo wuta ba ya bukatar a gaya masa, ihun yara ne yake tahowa daga unguwa zuwa unguwa kamar iskar hadari, kafin ya iso lungunmu ya riga ya ce Umma ta jona firji.

Yana da wani wasa da yake yi mini wanda a lokacin haushi yake ba ni. Muna cikin tafiya sai ya danne kafaɗata mu tsaya, ya ce, "Abba, nawa ka ji?" In ce, "Uku. Mota, babur, mutane." Sai ya ce, "Kai dai kurma ne mai ido." Ya fara lissafi: ga ɗan garuwa nan tafe, kuma jarkokinsa cike suke, don kurar nishi take yi, da wofi ne da ka ji suna tsalle suna gwaruwa. Ga mai yankan farce yana kaɗa almakashi ƙyas-ƙyas. Wancan kuma da ka ji almakashinsa ya fi nauyi tela ne, kekensa yana kafaɗa. Ga mai wankin takalmi yana buga buroshi a akwatinsa. Ga mai shayi yana shiƙa daga kofi zuwa kofi. Ga kwandastan hayis yana dukan jikin mota yana kiran Bata, 'Yankura. Ga wata uwa a bayan katangar nan tana kiran yaro, karo na uku ke nan, saura bulala. Ya kai goma sha ɗaya, ni kuwa kowanne ya ambata sai in ji shi sarai, kamar yanzu aka kunna shi. Tun ɗazu suna nan. Masu waɗannan ƙananan sana'o'in ba su da allon talla, ba su da shago, ƙarar kayan aikinsu ita ce sallamarsu, kuma duk mutumin Kano ya san ma'anarta ko da bai taɓa lura ya sani ba.

Ko bangon lungu magana yake yi masa. In lungu ya matse, ƙarar sandarsa tana dawo masa da wuri. In mun kusa fita fili sai ta baje. Ginin ƙasa haɗiye sauti yake yi, na siminti kuwa tofo shi yake yi. Da aka rushe wani tsohon soro a hanyarmu aka yi shaguna da ƙofofin ƙarfe, sai da ya yi sati yana cewa an sauya wa lungun murya.

Wurin da ya fi so a duk faɗin birni shi ne wajen masu bugu a Ƙofar Mata, kusa da karofin nan da ake cewa tun 1498 ake rini a cikinsa. Mutum biyu suna fuskantar juna, shadda a shimfiɗe kan gungumen itace, kowa da mabuginsa mai nauyi, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, tim-tam, tim-tam, har yadin ya ɗauki ƙyalli. In rumfuna uku ko huɗu suna aiki a lokaci guda, bugun yana sarƙewa ya warware, ya sake sarƙewa. Baba yakan sa in zaunar da shi a kan wani dakali ya yi rabin awa bai ce uffan ba. Wata rana ya ce, "Na rumfar tsakiya akwai ɗan koyo, yana jiran hannun maigidansa maimakon ya ji shi." Na leƙa, yaro ne bai fi ni ba, gumi ya jiƙe shi. Ya ce duk agogon da ya taɓa gyarawa abin da yake nema a cikinsa ke nan, bugu biyu da ba wanda yake jiran wani, ba kuma wanda yake riga wani.

Daren Juma'a kuwa, in iska ta kaɗo daga wajen Gidan Rumfa, mukan jiyo kiɗan fada daga tsakar gidanmu, da kakaki da algaita. Daren Salla kuma tambura da bindigogi. Nan ne kawai nake ganin fuskarsa ta koma irin ta da.

Game da waƙoƙin da suka cika gari a shekarun nan, ra'ayinsa daban ne da na sauran dattawa. Lokacin kowane mai shagon kaset ya fito da lasifika bakin titi. Nan waƙar fim ce da fiyano, muryar mace siririya irin ta Indiya, can bege ne, gaba kaɗan tafsiri, kusa da shi mai maganin basir a kan tsohuwar mota yana zuba zancen da ba ka so ka ji kana tare da mahaifinka. Ga gidajen rediyo sun ƙaru tun da Freedom ta buɗe a ƙarshen 2003, da daddare kowace rumfar mai shayi sojojin baka ne suke sa-in-sa. Sa'o'in Baba cewa suke yi waƙoƙin fim sun ɓata tarbiyya. Shi bai cika shiga wannan ba. Abin da yake damunsa, in ji shi, sautin lasifika ba ya gaya maka komai game da inda kake. Yana yaro, in ka ji kalangu da safe ka san mahauta sun yi yanka. In ka ji mandiri ka san ka doshi Kabara. In ka ji ƙararrawar coci ranar Lahadi ka san Sabon Gari ce. Amma waƙa ɗaya a Kurmi, ita ce a Kantin Kwari, ita ce a tasha, da ƙarfi ɗaya, ba gumi ba gajiya. "Ni makaho," ya ce, "wannan hazo ne a wurina."

Ban fahimce shi ba, don ni a lokacin wannan hazon nake so. A 2008 na tara kuɗi na sayi wayar China mai sim biyu, na kai aka cika mini memori da waƙoƙi. Sai na ɓullo da dabara: in za mu fita in zura wayar abin ji ta cikin riga, in toshe kunnen da ba ya ɓangarensa, wani lokaci duka biyun. Ai ba ya gani. Na yi wata biyu ina haka.

Ranar wata Talata za mu tsallaka titi a Ƙofar Mata. Na duba dama, na duba hagu, na sa ƙafa. Sai ji na yi an fizgo ni baya da ƙarfin da ban san Baba yana da shi ba, har muka zube tare a bakin kwata. Ɗan acaɓa ne ya biyo hannun da ba nasa ba, ta bayan wata motar da ta kare mini shi, ya wuce fuu, iskarsa ta daki gwiwata. Mutane suka taru ana salati, ana zagin ɗan acaɓan, wasu suna yaba mini wai na ceci tsoho. Baba bai gyara musu ba. Sai da muka shiga lungu ya tsaya ya ce, "Jincheng ce, salansarta a fashe, tun daga wajen asibiti nake jinta." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Cire abin nan, Abba. Wata biyu ke nan ƙafarka tana bin kiɗa. Ka zaci kafaɗarka ba ta gaya mini?" Bai yi mini faɗa ba, bai gaya wa Umma ba. Na gwammace a ce mari ya yi mini.

Daga ranar na fara amsa wasan nasa da gaske. Na kai bakwai, na kai tara. Na koyi bambance kukan Jincheng mai tsini da gurnanin Bajaj, na koyi cewa hon ɗin mota a Kano ba lallai mota ba ce, don 'yan acaɓa sun iya ɗaura wa babur hon ɗin da ya fi shi girma. Ban taɓa kamo shi ba.

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, bayan la'asar, muna zaune a soro. Aka ji wani dum daga nesa, irin wanda ƙirji yake riga kunne ji. Wani ya ce taya ce, wani ya ce tiransifoma. Baba ya ce, "Ba taya ba ce. A kira yara su shigo." Kafin a gama tattaro su an sake yin wani, sannan harbe-harbe har dare. Mutum sama da 180 aka rasa a wannan rana. Aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, Kano ta yi shirun da ban taɓa sanin tana iya yi ba. Ba hayis, ba acaɓa, ba ɗan garuwa, ba mai almakashi. Na zaci mai son sauraro irin Baba zai sami sauƙi. Ina! A kwanakin nan ne kaɗai na ga makantarsa ta kayar da shi. Ya kasa gane lokaci, yana ta tambaya ko azahar ta yi. Ya ce da Umma, "Yau na makance."

Shekara guda bayan haka, kwanaki kaɗan da harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnati ta hana goyo a babur. Acaɓa ta ɓace daga titi kamar an share, Adaidaita Sahu ta cika gurbin. Su waɗannan tun 2005 suke, an kawo su ne don ɗaukar mata, amma yanzu suka zama motar kowa, har suka kori hayis da kwandastocinta masu kiran unguwanni. Baba ya ce an sauya wa gari harshe yana tsufa, dole ya koma aji ɗaya. Ya koya kuwa. Ranar Juma'a 6 ga Yunin 2014 da safe, kafin mu kunna rediyo, ya ce in leƙa waje, tafiyar mutane ba irin ta kullum ba ce, kowa ya nufi waje ɗaya kuma ba mai ɗaga murya. Sarki ne ya rasu.

A shekarunsa biyu na ƙarshe ƙafa ta ƙi, fita ta gagara. Wata rana ya ce in je Ƙofar Mata in ɗauko masa bugu a waya. Na je na ɗauko minti biyar. Ya saurara ya ce na tsaya nesa, kuma motoci sun yi yawa. Washegari na ɗauke shi a Adaidaita na kai shi da kansa, muka zauna a dakalin nan, na kunna ɗauka. Fitarsa ta ƙarshe ke nan in ban da asibiti. Ya rasu da daminar 2016, da asuba, ana tsakiyar kiraye-kirayen nan da ya sani ɗai-ɗai.

Ga inda nawa laifin ya dawo. Tun 2014 nake tuƙa Adaidaita, ta wani ce ina kai masa balas kullum. Bayan rasuwar Baba ban iya zama cikin shiru ba, don duk abin da na ji shi yake tuna mini. Na je aka ɗaura mini lasifika biyu a bayan kujera, irin masu bugun ƙirji. Daga safe har dare kiɗa, ga ƙarar inji a ƙarƙashina, ga hon, in na dawo gida ga janareton maƙwabci a jikin tagata. Fasinja dattijo ya ce a rage, in rage, yana sauka in mayar. Shekara kusan huɗu ina zuba wa mutane hazon nan da mahaifina ya yi kuka da shi, ina sane.

Kullen korona ne ya kashe lasifikar. A tsakiyar Afrilun 2020 aka rufe Kano, azumi ya kama a cikin kulle, ba tarawihi a masallatai, ba yaran tashe da gwangwanayensu. Dare na farko na kwanta a tsakar gida don zafi, gari tsit irin na 2012, sai na ji wani siririn sauti, wiii, ba ya tsayawa. Na tashi na duba mita, na duba caja, na zagaya bayan ɗaki. Matata ta ce, "Abban Nana, me kake nema?" Na ce ƙarar nan. Ta ce wace ƙara? A cikin kunnena na hagu take. Ta daɗe a ciki, hayaniya ce ta rufe ta. Da aka buɗe gari na je asibiti, aka sa mini abin ji aka gwada, likita ta ce ƙara mai yawa ta shekaru ta lalata wasu ƙananan gashi a can cikin kunne waɗanda suke kama siraran sautuka, kuma ba sa sake tsirowa. Kusan kalmomin da aka gaya wa Baba game da jijiyar idonsa. Na yi dariya a gabanta, ta ɗauka ban gane ba ne.

A cikin makonnin kullen, da kunnen da ya rage, na sake jin unguwarmu. Guga, tsintsiya, kurciya, lugude a gida na uku. Na kuma ji abin da ba na so: a watan nan dattawa sun yi ta rasuwa a Kano, kuma na gane takun masu ɗauke da makara tun kafin su shigo lungu, sauri-sauri, ba magana, sai silifa. Tsohon ladan mai gyaran murya ya riga Baba tafiya, amma na tarar akwai wani sabo da yake ɗan busa lasifika sau ɗaya kafin ya fara. Yanzu shi nake jira.

Na cire lasifikokin na sayar. Wasu fasinjoji, musamman 'yan makaranta, sukan ce, "Malam, ba ka da sauti ne?" In ce ya lalace. Ba na jin haushin masu sawa, na san abin da wasunsu suke gudu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yawan abin da direba yake ji in ya yi shiru: ƙarar da injin yake yi kwana biyu kafin ya ba da matsala, birkin motar da ke bayanka, hirar mata biyu a kan kuɗin asibiti da take sa ka ƙi karɓar cikon naira hamsin.

Garin ma ya sake sauya murya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, janareto da yawa a lungunmu sun yi shiru, wasu sun koma sola, wasu sun koma duhu. Dare ya ɗan dawo. Sai kuma ga baburan nan masu caji da ba su da kuka ko kaɗan, sai dai ka ga mutum ya gifta ka kamar aljani. Kowa yana yabonsu, ni ma na san amfaninsu, amma duk sanda ɗaya ya wuce ni sai in tuna bakin kwatar Ƙofar Mata. Da irinsu ne ranar, da ba wanda ya fizgo ni. Masu yankan farce suna nan, masu bugu ma suna nan ko da yake rumfunan sun ragu. Kiran Bata, 'Yankura kuwa yarana ba su taɓa jinsa ba.

Ɗaukar nan ta Ƙofar Mata tana nan, na kwafe ta wuri uku. Minti bakwai ce da 'yan daƙiƙoƙi. Bugu ne kawai da motoci, sai a wajen minti na huɗu ka ji sanda ta taɓa dakali sau biyu, murya ta ce, "Matsa kusa, Abba." Ba na kunna ta sai a kunnen dama.

Babbar 'yata shekararta bakwai. Ranar Juma'ar da ta wuce da safe muna zaune a tabarma, na gama wana tsohon agogon Baba na ajiye a kan taga kamar yadda nake yi kullum in BBC ta buɗe. Na dafa kafaɗarta na ce, "Nana, nawa kika ji?" Ta runtse ido, ta daɗe, tana lanƙwasa yatsu. Ta ce rediyo, da tsintsiyar Umma, da ɗan garuwa, da akuyar maƙwabta, da jirgin sama can nesa. Na ce biyar ke nan, ni ma su na ji. Ta ce, "Shida ne, Abba. Da agogon Kaka."

Na juya kunnen dama wajen tagar, na riƙe numfashi. Sai da na tashi na ɗauko shi.